Ɗiyar Binta

Da Huseina ta san abin da hirar hantsin Lahadin nan za ta jawo mata, da ta bar Inna Binta ta sha furarta ta hau mota ta koma Kalgo. Amma ita ce da bakinta ta roƙe ta ta ci gaba da ba da labari, kuma daga nan komai ya soma lalacewa.

A ranar Asabar dangin Mubarak suka kawo kayan gaisuwa gidan Malam Bawa tela, mahaifin Huseina, a Gwandu: huhun goro, da alewa, da dabino. Ba ƙaramar wahala aka sha ba kafin a kai ga haka. Goggo Ruƙayyatu, yayar Malam Bawa, ta daɗe tana son a haɗa Huseina da ɗanta Abdulbaƙi mai shagon magani a Birnin Kebbi. Ta yi lallashi, ta yi fushi, har ta daina cin abincin gidan. A ganinta ba a barin ɗan gida mai rufin asiri a ɗauki mai gyaran injin ban ruwa, wanda kullum hannunsa baƙi ƙirin da mai.

Malam Bawa kuwa mutum ne mai yawan damuwa. Yana tsoron ɓacin ran yayarsa, yana tsoron hawayen ɗiyarsa, ita kaɗai ta rage masa. Ya daɗe yana kai-kawo tsakanin su biyun har ya rame. Daga ƙarshe ya ce yarinya ta mallaki hankalinta, tana koyar da 'ya'yan mutane a firamare, ba zai zaɓa mata ba. Ya ba Mubarak.

Uwar ango ba ta zuwa gidan surukai a irin wannan lokaci, kowa ya san haka. Amma Inna Binta ta ce ita ba a matsayin uwar Mubarak ta zo ba. Ta zo ne a matsayin ƙawar marigayiya Maryam, uwar Huseina, don ta ga ɗiyar ƙawarta da idonta ta sa mata albarka.

Aka shimfiɗa mata tabarma a gindin darbejiya. Goggo na gefe da faifai tana kasa goro da alewa, kason kowane gida daban, don a rarraba wa dangi da maƙwabta su shaida an ba da Huseina. Fuskarta a ɗaure, amma hannunta na aiki.

Inna Binta ta daɗe tana kallon Huseina, sannan ta share ido da bakin mayafi ta ce har yadda take ɗaura ɗankwali na Maryam ne. Daga nan labari ya ɓalle. Ta faɗi yadda suka ƙulla ƙawance tun ba su fara ɗaura zane da kyau ba, Maryam ta aiko mata da goro biyu da sabulu a ƙunshe cikin ganye, ita kuma ta mayar da kwalli da zobe. Ta faɗi yadda suke tallan fura ranar kasuwar Kalgo, su ɓoye ribar a ƙullin zane don ankon Sallah. Yadda suke kwana da hannu cikin zunguru don lalle ya kama, in ƙaiƙayi ya taso wannan ta sosa wa wannan hanci da gwiwar hannu. Yadda Maryam ke ba da waƙa a dandali, muryarta har bakin gulbi, samari su taso daga wata unguwa da kaset a kafaɗa su tsaya nesa suna yi kamar ba ita suka zo gani ba.

"Har da ubanki," in ji ta. "Yana tsaye da awon ɗinki a wuya, ko sannu ya kasa cewa."

Huseina ta yi dariya har da ƙwalla. Tun rasuwar mahaifiyarta ba wanda ke ba ta irin wannan labari. Babanta ko sunan ba ya iya ambata.

"Inna, ƙara mana," ta ce. "Ba ni na lokacin da aka haife mu."

Huseina tagwaye ce. Da Hassana aka haife su, a Kalgo, a gidan da katanga ɗaya ta raba shi da na Inna Binta.

Inna Binta ta gyara zama. Ta ce ai ba za ta manta da shekarar ba. Suna 'yan watanni zazzaɓi mai zafi ya kwantar da Maryam, aka ɗauke ta zuwa asibiti a Birnin Kebbi, Malam Bawa ya bi ta, aka bar mata jarirai biyu a ɗaki, ga Mubarak a bayanta bai kai yaye ba. Ɗaya ta karɓi madarar akuya a cokali ta yi barcinta. Ɗayar kuwa ta ƙi, ta yi ta tsala kuka har muryarta ta dushe.

"Na rasa yadda zan yi," Inna Binta ta ce tana murmushi. "Sai na sauke Mubarak na sa ta a nono. Ta kama kamar ta shekara ba ta ci ba. Da Maryam ta dawo na gaya mata, muka yi ta dariya. Allah ya jiƙan Hassana, akwai rigima."

Hannun Goggo ya tsaya a kan faifai.

"Kin ce mi?"

"Na ce Hassana akwai rigima."

"Ba shi ba. Kin ba ɗiyar Bawa nono?"

Inna Binta ta ce ƙwarai, amma Hassana ce, kuma Hassana ta daɗe a ƙasa. Ai ta san hukuncin, ba yarinya ba ce. Wanda ya sha shi kaɗai ne ya zama ɗanta, ɗan'uwansa bai shiga ciki ba.

Goggo ta ajiye goron da ke hannunta a hankali. Ba ta ɗaga murya ba.

"Yaran da uwarsu ke ɗaura wa ɗaya zare a hannu don ta gane su. Ke yaya aka yi kika san Hassana ce?"

Inna Binta ta ce tun da can haka ta ɗauka. Goggo ta tambaye ta ko wadda ta sha ɗin mai zare ce ko marar zare. Ta ce tana jin mai zare ce. Goggo ta ce to wa ke da zaren, Hassana ko Huseina? Inna Binta ta dubi ƙasa. Ta ɗago ta dubi Huseina.

Kwanon furar da ke hannun Huseina ya suɓuce.

* * *

Aka aika aka kira Malam Bawa daga shago. Ya shigo da zare maƙale a rigarsa, ya saurari maganar a tsaye. Da aka tambaye shi wa ke da zaren, sai ya nemi turmi ya zauna. Ya ce shi har suka fara tafiya in yana son ɗaya sai ya tambayi uwarsu. Kuma Maryam ba ta taɓa gaya masa zancen nonon ba, ko kuwa ta faɗa a cikin ruɗanin jinya bai riƙe ba.

Bayan azahar ya tafi wajen liman, ya dawo kafaɗunsa a sake. Liman ya ce in Hassana ce ta sha, babu abin da ya taɓa auren. In Huseina ce, to Mubarak yayanta ne kamar wanda suka fito ciki ɗaya, har abada. Shi kuma ba zai ɗaura aure a kan shakka ba. A je a bincika, a nemo wanda ya sani.

Malam Bawa ya ce a dakata da rabon goro. Goggo ta mayar da kason da ta yi cikin huhu, ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaure bakinsa. Da za ta fita ta tsaya a ƙofar ɗakin Huseina ta ce ta yi haƙuri, ita ba mugunta ta yi ba, gara yau da bayan an haifi 'ya'ya. Sannan ta ƙara da cewa Abdulbaƙi dai yana nan, kuma shi uwarsa ta san duk nonon da ya sha.

Inna Binta ta tafi tana kuka, ko sallama ba ta iya yi ba.

Da la'asar sakaliya Huseina ta ji ƙarar babur ɗin da take ganewa ko a cikin kasuwa. Ta daɗe zaune kafin ta ja hijabi ta fita zaure.

Mubarak na tsaye, ko kayan aiki bai canza ba. Da ta shigo ya matsa baya kaɗan, ita ma ta tsaya daga bakin ƙofa. Jiya a nan suka zauna suna gardamar launin fentin ɗaki.

"Yaya Mubarak," ta ce. Tun tana yarinya haka take kiran sa. Yau sunan ya yi mata nauyi a baki.

Ya ce kada ta sa komai a ranta. Inna ta tsufa, ta rikice ne don Goggo ta tsare ta da tambaya. Shi ya tabbata Hassana ce. Ya tuna Hassana ce mai kuka, ko ƙuda ya taɓa ta sai unguwa ta ji.

"Ni ce mai kukan," Huseina ta ce. "Ka manta? Ranar da ka kai mu fadama korar tsuntsu, igiyar gwangwani ta yanke ni, wa ka goya har gida?"

"Wannan kun girma. Ana zancen jarirai ne."

"To kai a lokacin kana goye. Mi ka sani?"

Ya juya ya dafa bango. Ya ce zai tafi Wurogauri, an ce ungozomar da ta karɓi haihuwar tagwayen tana can wajen jikokinta. Zai bi gidajen tsohuwar unguwarsu ɗaya ɗaya. Ba zai yiwu a ce duk Kalgo babu wanda ya riƙe wa ke da zare ba. In kuwa aka rasa, akwai malamai a Birnin Kebbi, wani zai ce shakka ba ta hana aure.

"Sai mu zauna haka?" Hawaye suka zubo mata. "In dube ka da safe ban sani ba ko mijina nake gani ko ɗan'uwana? In haifi ɗa ina tsoron kallon fuskarsa?"

"To in bar ki ga Abdulbaƙi?"

"Ban ce ba."

"Huseina, tun kina tallan gyaɗa nake tsare miki hanya. Ban taɓa duban wata ba. Yanzu a ce shan nono na yini ɗaya, wanda ba ki san an yi ba, ni ban san an yi ba..." Ya sa bayan hannu ya goge fuska, baƙin mai ya shafe masa kunci.

Da jiya ne da ta yi masa tsiya ta miƙa masa hankici. Ta riƙe hankicin a cikin hijabi, ba ta miƙa ba.

Ya ce ta ba shi lokaci kawai. Ta gyaɗa kai. Ya tayar da babur ya tafi, ba ta leƙa ta ga ƙurarsa kamar yadda ta saba ba.

* * *

Kwanakin da suka biyo baya ba su kawo komai ba. Ungozomar tana raye, amma ko sunan 'ya'yanta ba ta riƙe. Tsofaffin unguwa wasu suka ce Hassana ke da zare don ita ce babba, wasu suka ce Huseina don ita ce ƙarama a jiki. Wata ta rantse zaren ja ne, wata ta ce baƙi. Abdulbaƙi ya aiko wa Malam Bawa da maganin hawan jini da gaisuwa, bai ce komai a kan zancen ba, Goggo kuwa kullum tana gidan.

Huseina ta daina cin abincin kirki. In ta dawo daga makaranta sai ta zauna a ɗaki, Kalgo ta yi ta dawo mata.

Tana ganin gidansu na da, da ramin da suka haƙa a gindin katanga don su riƙa miƙa wa su Mubarak tuwon ƙasa. Tana ganin ta da Hassana cikin riga iri ɗaya da babansu ya ɗinka da ragowar atamfa, suna carafke a ƙofar gida har a kira magariba. Lokacin girbin shinkafa su bi mata kala, su dawo da ɗan abin da suka tsinta a ƙwarya, Innarsu Maryam ta yaba kamar buhu suka kawo. Ranar da babansu ya sayo waya mai tocila suka yi ta faɗa a kan wa za ta haska cikin randa. Ba su taɓa amsa suna ɗaya ɗaya ba. In aka kira Hassana su biyu za su ce na'am, in aka kira Huseina su biyu za su taso. Malamin allo ya gaji, ya koma yi musu bulala tare.

Sai shekarar ambaliya, da ruwa ya ci unguwarsu suka koma ajin firamare da tabarmi. Su yara abin ya zame musu wasa, suna rubutu a allon bango suna kwaikwayon malamai. A cikin ajin nan amai da gudawa ya kama Hassana da safe, kafin la'asar an rufe ta da zanen Inna. Inna ba ta sake waƙa ba. Ba ta daɗe ba ita ma ta bi ta, babansu ya ɗaure keken ɗinkinsa a mota suka dawo Gwandu.

Ranar Juma'a da safe Huseina na tsaye tana surfen gero, taɓarya na sauka a turmi, sai ta ji wata murya kamar a bayanta ake magana.

Ɗiyar Binta, zo ki kore min kajin nan.

Ta tsaya da taɓarya a sama.

Innarta Maryam ce. A tsakar gidan Kalgo, tana surfe kamar haka, gumi a goshinta, tana dariya. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. In tana cikin raha haka take kira: ɗiyar Binta. In Inna Binta ta aiko da ɗanwake ta kan katanga sai ta ce, ɗiyar Binta, ga abincin gidanku. Su kuwa ba su taɓa tambayar dalili ba. Su biyu suke rugowa, suna ture juna.

Ashe Inna ta sani. Ashe duk shekarun nan tana faɗa.

Huseina ta jingina taɓarya ta durƙusa a gindin turmi, ta rufe ido. Ta nemo fuskar Inna, ta samu. Ta ga ɗankwalin, ta ga wushiryar. Ta yi ƙoƙarin ganin inda idon yake kallo. Hassana na damanta, kafaɗarsu na gugar juna. Wani lokaci sai ta ga kamar idon ya sauka a kan Hassana. Sai kuma ta ji kamar ita ce aka shafa wa kai aka miƙa wa kwanon ɗanwake. Ta matse idon har kanta ya sara.

Babu wanda ya san wannan sai ita. In ta fita ta ce ta tuna Hassana ake kira haka, Inna Binta za ta ce ƙwarai haka ne, liman zai karɓa, babanta zai yi barci, a rarraba goro kafin Lahadi.

Ta daɗe a durƙushe. Kaji suka zo suna tsattsagar geron, ba ta kore su ba.

* * *

Ta sami babanta a ɗakin ajiya. Ya kwance bakin huhun, yana tsoma hannu a kwanon ruwa yana yayyafa wa ganyen da aka naɗe goron. Tun ranar Lahadi kullum sai ya yi haka kafin ya tafi shago, don kada ya bushe. Yana jin motsinta ya yi sauri zai rufe, kamar an kama shi da laifi.

Ta durƙusa ta gaya masa duka, har da abin da zuciyarta ta raya mata ta faɗa.

Ruwa na ɗiga daga yatsun Malam Bawa. Ya ce shi ma ya sha jin Maryam na faɗin haka. Ya ɗauka wasan ƙawaye ne. Yana kan keke, kansa a sunkuye, bai taɓa ɗagowa ya ga wa take nufi ba.

"Ɗiyata," ya ce a hankali, "ki sake dubawa. Ko kaɗan ba ki gani ba?"

"Na duba, Baba. In na so in ga Hassana sai in gan ta. In na ji tsoro sai in ga kaina."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce da ta faɗi ƙaryar da bai gane ba, kuma da ya yi murna. Sai ya ce Allah ya yi mata albarka.

"Baba, goron nan fa? A mayar musu?"

Ya dubi huhun. Ya ɗauki goro ɗaya ya juya shi, gefensa ya soma yamushewa. Ya mayar da shi cikin ganye, ya ƙara yayyafa ruwa, ya ɗaure.

"Bari ya ƙara kwana," ya ce.

Daga waje aka yi sallama, muryar Goggo ce, tana tambaya ko Bawa bai fita ba tukuna. Huseina ta tashi ta share fuska don ta je ta karɓi mayafinta.

Maryam ta san wadda ta sha nonon Binta, kuma ta sha kiran ta da sunan a tsakar gida. Amma yara biyu ne suke amsawa, kuma har yau babu mai rai da ya san wacce take kallo.